Motar haɗi: a sayi sabuwa daga kamfani ko wadda wani ya fara ya bari? Tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi ya shafi mutumin da ya ƙuduri aniyar haɗa mota da hannunsa a garejin gidansa, kuma ya tsaya tsakanin hanyoyi biyu: ya yi odar sababbin kaya daga kamfani, ko ya sayi aikin da wani ya soma ya kasa ƙarasawa. Yawancin bayanan sun dogara ne da tsarin Birtaniya, domin a can wannan sana'a ta fi kafuwa, kuma dokokinta na rajista su ne suka fi shafar wannan zaɓi.

Mece ce motar haɗi?

Mota ce da kamfani ke sayarwa a warwatse, wato shasi daban, bodi daban, sauran kaya a cikin kwalaye, mai saye ya haɗa su da kansa. Abin da ya yaɗa ta a Birtaniya haraji ne. Lokacin da Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, motar da aka sayar a haɗe tana ɗauke da harajin saye mai nauyi, wadda aka sayar a warwatse kuwa ba ta ɗauke da shi. A 1973 aka sauya tsarin harajin, wannan sauƙi ya ƙare, kuma a shekarar ne kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera Seven, yana kuma ƙera ta har yau.

Motocin haɗi iri biyu ne. Akwai wadda kowane abu nata sabo ne daga kamfani, kamar ta Caterham. Akwai kuma wadda kamfani ke ba da shasi da bodi kawai, mai haɗi ya nemo tsohuwar mota ya yanka ta, ya ciro inji da giyabos da birki da sitiyari. Shekaru da dama Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, ita ce aka fi yankawa. Da ta yi wuya, sai aka koma ga Mazda MX-5. Mafi yawan ayyukan da ake samu a yashe daga wannan rukuni na biyu suke, domin shi ne mai cin lokaci da buƙatar dabara.

Me ya sa ayyukan da ba a gama ba suke da yawa a kasuwa?

Dalilan da masu sayarwa suka fi bayarwa su ne ƙaura, da sabon aiki, da ƙaruwar iyali, da rashin lafiya, da ƙarewar kuɗi, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa. Wani lokaci ma mai aikin ya rasu ne, magada suke neman rabuwa da abin da ya tare musu wuri. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, shi ne mutum ya ci karo da matsalar da ta fi ƙarfinsa: injin da ya zaɓa ya ƙi zama a ƙarƙashin bonet, ko wayoyin lantarki sun rikice masa, ko ya gano cewa motar ba za ta ci gwajin hukuma ba sai an warware rabinta. Wanda ya sayi aikin ya gaji wannan matsala, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a yi wa mai sayarwa ita ce: wane aiki ne na ƙarshe da ka taɓa kafin ka tsaya? A wurin da ya tsaya ne ya kamata a fi zuba ido.

Da gaske ne wadda aka fara aka bari ta fi araha?

A ranar ciniki, haka ne. Kusan babu mai sayar da aikin da bai gama ba ya mayar da abin da ya kashe, kuma wahalar da ya sha ba ta da farashi a kasuwa. Mutum yana iya samun shasi da bodi da inji da tayoyi da kujeru a kan kuɗin da bai kai na sababbin kayan farko kaɗai ba.

Sai dai lissafin da ya dace a yi shi ne na ranar da motar za ta hau titi da lambarta. A kan kuɗin saye za a ɗora na abubuwan da suka ɓace, da na waɗanda suka lalace a ajiye, da na waɗanda aka ɗaura ba daidai ba, da na waɗanda doka ta daina karɓa tun bayan da aka saye su. Ƙananan kaya ne suka fi cin kuɗi ta wannan fuska. A cikin sabon kunshi, bol da noti da maɗaurai da tiyo suna zuwa a ƙirge, a jaka mai suna. Idan sun ɓace, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗin aikowarsa, wani kuma sai an ba maƙeri ya yi shi musamman. Ra'ayina shi ne a ɗauki aikin da ba a gama ba a matsayin tarin kayan gyara: a yi wa kowane babban abu kuɗin da zai yi idan aka sayar da shi shi kaɗai, a tara, a tsaya a nan. Kada a biya ko kwabo a kan aikin hannun da ba a ga yadda aka yi shi ba.

Mai sayarwa ya ce an gama kashi 90 cikin 100. Wannan ba alheri ba ne?

Wannan ita ce tallar da ta fi yaudarar sabon shiga, ko da mai sayarwar bai yi niyyar yaudara ba. Mota tana fara kama da mota da wuri: da zarar an ɗaura tayoyi, an saka inji, an ɗora bodi, duk wanda ya gan ta zai ce saura kaɗan. Abin da ya rage kuwa shi ne mafi cin rai, wato haɗa wayoyi, daidaita ƙofofi da bonet, saita birki da sitiyari, saita inji har hayaƙinsa ya shiga ƙa'ida, da rufe duk wani baki mai kaifi.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan. Duk yadda aiki ya yi nisa, haka yake ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Bututun birki da na mai suna bi ta ramin tsakiyar mota, kuma idan an riga an rufe ramin da faranti an buga masa ƙusoshi, ba za a san ko an ɗaure bututun da kyau ba, ko suna gogar ƙarfe, sai an fasa. Ba za a san da wane ƙarfi aka ɗaure notin da ke riƙe da ƙafar mota ba sai an kwance. Mutumin da zai zauna a cikin motar tana gudu a babbar hanya ba shi da hujjar amincewa da abin da bai gani ba, don haka mai hankali yakan warware ta har zuwa shasi ya sake farawa. Idan haka ne, aikin da aka yi nisa da shi ya zama ƙarin aiki, domin sai an kwance kafin a haɗa, kuma ramukan da aka huda a inda bai dace ba suna nan. Shi ya sa mafi kyawun abin da ake samu a wannan kasuwa shi ne kunshin da aka saya, aka ɗan taɓa ko ba a taɓa ba, kwalayensa suna nan da rasit ɗinsu.

Waɗanne takardu ne dole in gani kafin in biya?

A nan ne ciniki yake gyaruwa ko ya lalace, fiye da yadda yake gyaruwa ko lalacewa a kan ƙarfe. Hukumar DVLA, mai rajistar motoci a Birtaniya, tana duba asalin manyan sassan mota kafin ta yanke irin lambar da za ta bayar. Idan duk kayan sababbi ne, da rasit da takardar shaidar sabunta daga kamfani, ana ba da lambar sabuwar mota; an kuma yarda sashe ɗaya ya zama tsoho da aka gyara har ya koma kamar sabo, muddin ba shasi ba ne kuma akwai shaidar gyaran. Idan shasin sabo ne, kuma aƙalla manyan sassa biyu sun fito daga motar da aka yanka wadda takardar rajistarta, wato V5C, take hannu, ana ba da lamba mai nuna shekarun waccan motar. Idan ba a iya tabbatar da asali ba, sai a ba da lamba mai farawa da harafin Q. Mota mai wannan lamba halal ce a titi, amma ba a sauya mata lamba, kuma masu saye da yawa suna rage mata daraja.

Saboda haka a nemi rasit ɗin shasi daga kamfanin da ya ƙera shi, a gwada lambar da ke kansa da wadda aka buga a jikin ƙarfen. A nemi V5C ta motar da aka yanka, a gwada lambar injin da ke ciki da wadda ke jikin injin da ke gaban mutum. A nemi littafin umarnin haɗi, da hotunan da mai aikin farko ya ɗauka yana aiki, domin lokacin neman gwaji ana buƙatar shaidar cewa mai sha'awa ne ya haɗa motar don amfanin kansa. A ƙarshe a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da waɗannan lambobi, wadda za ta haɗa sunan da ke kan tsofaffin rasit da sunan sabon mai shi. Idan mai sayarwa ya ce takardun suna wani wuri, zai aiko daga baya, a jira su iso kafin kuɗi ya fita. Ba a cinikin biri a sama.

An ce mini motar tana da takardar rajista, ba ta buƙatar gwaji. In yarda?

A karanta takardar da kyau. Idan abin da ke gaban mutum mota ce mai sabon shasi, takardar kuma tana cewa Ford Sierra, to takardar motar da aka yanka ce, ba ta wannan ba. Hawa titi da ita a haka saɓa doka ne, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan an yi haɗari. Inda maganar mai sayarwa take iya zama gaskiya shi ne motocin da aka ɗora wa sabon bodi a kan tsohon shasin da ba a yanke ba kuma ba a sauya masa fasali ba, kamar wasu da ake ginawa a kan Volkswagen Beetle ko Triumph Herald. Ko su ma sai an sanar da hukuma ta gyara bayanin motar a takarda.

Mene ne gwajin IVA, kuma yaya yake shafar tsohon aiki?

Gwaji ne da hukumar DVSA, mai kula da gwajin motoci a Birtaniya, take yi wa mota guda kafin a yi mata rajista. Ya maye gurbin gwajin SVA a 2009, shi kuma SVA ya fara aiki a 1998. Kafin wannan lokaci ƙa'idojin sun yi sauƙi ƙwarai, kuma a nan haɗarin yake: kunshin da aka zana a shekarun 1980 ko farkon 1990 ba a yi shi da tunanin wannan gwaji ba, amma idan yau za a yi masa rajista a karon farko, ƙa'idar yau za ta hau kansa.

Mai gwaji yana bin jikin mota da ƙwallo mai faɗin milimita 100, kuma duk bakin da ƙwallon ya taɓa dole ya zama a dunƙule, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba, a cikin mota yana amfani da mai faɗin milimita 165. Yana duba ƙarfi da tsawon wurin da aka ɗaure bel ɗin kujera, da matsayin fitilu, da tambarin amincewa a kan gilashi, da rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, da ko sandar sitiyari za ta iya lanƙwashewa idan an yi karo maimakon ta soki direba. Ƙarar salansa ba za ta wuce desibel 99 ba, agogon gudu ba zai nuna ƙasa da ainihin gudun mota ba, kuma dole mota ta iya komawa da baya da ƙarfin kanta, abin da ke damun masu saka injin babur irin na Suzuki Hayabusa ko Honda Fireblade. Wasu gyare-gyaren na roba da gam ne, ana gama su a yini guda. Amma idan wurin ɗaure bel ne ya yi ƙasa, sai an yanka shasi an yi walda, kuma wannan ya fi sauƙi kafin a ɗora bodi.

Batun hayaƙi ma yana komawa ga takarda. Ana gwada motar mai sha'awa gwargwadon shekarun injinta, idan akwai shaidar shekarun. Tsohon injin Pinto na Sierra yana da sassauci, injin da aka ƙera daga watan Agustan 1995 kuwa yana fuskantar ma'aunin da ba a cin sa sai da na'urar tace hayaƙi. Injin da ba a iya tabbatar da shekarunsa ba ana ɗaukarsa a kan ma'auni mai tsanani, kuma tsohon inji mai kafireto ba zai kai ba.

Me zan duba a jikin kayan?

A fara da shasi, domin shi ne ba ya sauyuwa cikin sauƙi. A auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu a ga ko awon ya zo ɗaya, a duba waldar da aka ƙara bayan ya bar kamfani, a ƙwanƙwasa bututun ƙasa inda ruwa ke kwanciya, domin tsatsa takan ci ƙarfe daga ciki fentin waje yana nan da ƙyallinsa. Bodin faiba da aka jingina da bango shekara da shekaru yakan karkace, kuma ramin da aka yanke a ciki don fitila ko salansa ba ya komawa sai da aikin gwani. A juya inji da sifana a ga ko yana zagayawa. A ɗauki littafin umarni a bi jerin kaya ana yi wa kowanne alama, ko da hakan zai ci yini, kuma idan da hali a je da wanda ya taɓa haɗa irin wannan motar. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan motoci suna da mutanen da suka san raunin kowane samfuri, kuma da yawansu suna zuwa rakiya da farin ciki.

Kayan da ba a taɓa amfani da su ba ma suna lalacewa?

Ƙwarai kuwa. Man birki yana shan danshin iska, sai ya sa cikin silindar birki ta yi tsatsa. Roba tana bushewa ta tsattsage. Taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma wadda ta shekara goma a ajiye ba abin dogara ba ce ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba. Bel ɗin da ke daidaita motsin inji a sauya shi ba tare da shawara ba. Tun watan Satumban 2021 fetur ɗin yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsohon tiyon mai. Tiyon da ya tsage kusa da inji mai zafi kuwa gobara ce.

Idan kamfanin da ya ƙera kunshin ya rufe fa?

Wannan sana'a ce ta ƙananan kamfanoni, kuma da yawa sun zo sun wuce. Ko Westfield, wanda aka kafa a 1982 kuma yana cikin manya, ya faɗa hannun masu kula da bashi a 2022 kafin wasu su saye shi. Abin dubawa shi ne ko wani ya gaji kayan zuba bodin da ma'aunan shasin, kamar yadda kamfanin Great British Sports Cars ya gaji kamfanin Robin Hood. Inji da giyabos na Ford ko Mazda ana samun kayansu a ko'ina, amma gilashin gaba mai lanƙwasa ta musamman, ko hancin mota, ko hannuwan da ke riƙe da ƙafafu, idan mai yin su ya tafi, sai a sha wuya. Idan samfurin ba shi da kamfani kuma ba shi da ƙungiya mai rai, ina ganin sabon shiga ya bar shi.

To me sabon kunshi yake ba ni da ya cancanci ƙarin kuɗin?

Yana ba da takardu masu tsabta da sunan mai saye, da zane wanda aka yi don cin gwajin yau, da littafin umarni da ya dace da kayan da ke cikin kwali, da mutumin da za a kira idan abu ya ƙi shiga. Caterham, alal misali, yana kimanta haɗa motarsa da awa 80 zuwa 100, kuma yana duba ta bayan an gama kafin a kai ta gwaji. Kunshin da ke buƙatar yanka tsohuwar mota yana cin ɗaruruwan awoyi, amma kamfanoni da dama suna sayar da shi kashi-kashi, mutum ya sayi shasi bana, ya sayi bodi idan ya kai wurin. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a rasit: wanda ya ɗaura kowane noti da hannunsa ya san motarsa, kuma launi da inji da kujeru duk zaɓinsa ne.

Sabo ma yana da nasa haɗarin. Ana jiran kaya watanni, ana biyan kafin alƙalami ga ƙaramin kamfanin da zai iya durƙushewa kafin ya kawo kaya, kuma kuɗin da aka kashe kan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa idan an gama. Kada kuma a manta cewa kowane aikin da aka yasar sabo ne a ranar da aka kawo shi, don haka sayen sabo ba ya ƙara wa mutum lokaci ko haƙuri.

Wa ya dace ya sayi wadda ba a gama ba?

Wanda ya taɓa haɗa mota, ko bakanike, ko mai iya walda da karanta zanen wayoyi, wanda kuma yake da wurin da zai baza kaya ya bar su. Irin wannan mutum yana gane aikin banza da kallo ɗaya, kuma abin da zai ci wa wani kuɗi shi lokaci kawai zai ci masa. Sabon shiga mai ƙaramin jari ma yana iya shiga, da sharaɗin samfurin ya zama sananne, kamfaninsa yana aiki, takardunsa sun cika, kuma aikin bai yi nisa ba.

Haka abin yake a Amurka?

Tushen shawarar ɗaya ne, amma kowace jiha tana da nata tsarin rajista. Takardar da ta fi muhimmanci a can ita ce shaidar asali da kamfani ke bayarwa tare da shasi, kuma idan kunshin ya sauya hannu dole a ga yadda ta taso daga mai saye na farko zuwa na yanzu. Factory Five Racing na jihar Massachusetts, wanda aka kafa a 1995, ya yi suna da kwaikwayon tsohuwar motar tsere mai suna Cobra da ake haɗawa da kayan Ford Mustang. A Kalifoniya akwai tsarin SB100, wanda ke sassauta gwajin hayaƙi ga irin waɗannan motoci guda 500 kacal a shekara.

Zan iya sayo irin wannan aiki daga Birtaniya in ƙarasa shi a Nijeriya ko Nijar?

Cikas na farko shi ne sitiyari. Kusan duk aikin da aka fara a Birtaniya sitiyarinsa a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, kuma dokar hanya ta hana amfani da mota mai sitiyari a dama. Nijar ma a hannun dama ake tuƙi. A ƙaramin shasi irin na Seven, mayar da sitiyari hagu yana nufin sauya wurin fedoji da sandar sitiyari da allon gaba, wani lokaci har da yanka ƙarfe. Wanda ke da wannan niyya gara ya yi odar sabon shasi mai sitiyari a hagu tun daga kamfani, ya kuma tuntuɓi hukumar kwastam da ofishin rajistar motoci na jiharsa a kan takardun da za su nema kafin ya biya kuɗin jirgi. Ya kuma auna tazarar da ke tsakanin kaskon baƙin mai na inji da ƙasa, domin a yawancin waɗannan motoci ba ta fi faɗin tafin hannu ba, kuma tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya fasa kaskon.